Marurun da Ya Ƙi Jin Magani: Dafin Ƙwayar ne Ko Taurin Kanta?

Tambaya

Assalamu alaikum, Likita. Ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin lafiya, ɓangaren gwaje-gwaje. Ƙanena ɗan shekara 14 maruru ya sa shi gaba tun bayan babbar salla, wannan ya fashe wancan ya fito, a hammata da cinya. Ya sha Ampiclox har zagaye uku babu sauƙi. Da aka gwada mugunyar sai aka ce ƙwayar cutar staf ce mai bijire wa magani, wadda ake kira MRSA. Na karanta cewa masu bincike suna gwaji a jikin ɓeraye da zomaye, kuma sun ce dafin da ƙwayar ke fitarwa ne ke cinye fata. Shin dafin ne ke hana magani aiki? Kuma abin da aka gani a jikin ɓera zai iya zama hujja a kan mutum?

Amsa

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba yaron lafiya, ya kuma yi wa karatunki albarka.

Bari in fara raba miki abu biyu da mutane ke cakuɗawa. Dafi daban, bijire wa magani daban. Bijirewa ita ce ke sa kafso ya tashi a banza. Dafi kuwa shi ne ke yin ɓarnar da ake gani da ido: kumburi, zugi, mugunya, da fatar da ta yi baƙi ta mutu. Akwai staf mai dafi sosai wadda magani mai araha ke kashewa, akwai kuma mai taurin kai wadda dafinta bai kai ya kawo ba. Masifar ita ce lokacin da halayen biyu suka haɗu a ƙwaya ɗaya, kuma a wurin haɗuwar nan ne gwajin dabbobi ya koya mana abubuwa da yawa.

Tunda ɗakin gwaji kike, kin san kamanninta. Ki shafa mugunya a farantin da aka haɗa da jinin tunkiya, ki kwana da shi a ɗumi. Da safe za ki tarar da ɗigo-ɗigo masu launin man shanu ko ruwan zinari, kowanne da wani zobe garau kewaye da shi, inda jan jinin ya washe har haske na ratsawa. Wannan zoben aikin dafi ne, ya farfasa jajayen ƙwayoyin jinin da ke kusa. Wani likitan fiɗa ɗan Sikotilan, Alexander Ogston, shi ya bayyana ta a cikin mugunya a shekarar 1880, ya gan ta cunkushe kamar nonon inabi, daga nan sunan Staphylococcus, wanda ake taƙaitawa staf, ya samo asali. Kusan mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da ita a hanci ba tare da ta yi masa komai ba.

Maganar bijirewa gajeriya ce. Magungunan dangin fenisilin suna aiki ne ta hanyar maƙale wa maginan da ke gina katangar jikin ƙwayar, idan gini ya tsaya sai ta fashe. MRSA ta samo wani ƙullin gado daga waje, ana kiransa mecA, wanda ke ba ta wani magini na daban da maganin ba ya iya kamawa da kyau. An fara ba da rahotonta a Ingila a 1961, jim kaɗan bayan fitowar metisilin, wani magani na dangin fenisilin. Ampiclox kuwa haɗin amfisilin ne da kuloksasilin, dukkansu 'yan gida ɗaya da fenisilin. Ko katan guda ƙanenki ya shanye, ƙwayar ba za ta mutu ba. Babu ruwan dafi a wannan.

To mene ne aikin dafin? Da zarar staf ta shiga ta ramin gashi ko ta wani ƙwarzane, jiki yakan tura mata dakarunsa na farko, wato fararen ƙwayoyin jini da ake kira nutirofil. Aikinsu su haɗiye ta su narkar. Ita kuma sai ta saki dafi iri-iri da ke huda su. Mugunyar da kike gani, mafi yawanta gawarwakin waɗannan dakaru ne. Idan suka fashe, sinadaran da suka tanada domin kashe ƙwaya sai su zube a kan naman mai su, su ƙara ƙona shi. Ashe wani ɓangare na ciwon, makamin jiki ne aka juya masa.

Staf tana da dafi da yawa, kuma ba za a iya gane wanne ke yin me a jikin majiyyaci ba, domin duk tare suke fita. Shi ya sa aka koma ga dabba. Ga yadda ake yi. A ɗauki ƙwaya guda, a cire mata ƙullin gadon dafi ɗaya tak, a bar sauran yadda suke. Yanzu an sami tagwaye ke nan, bambancinsu abu ɗaya. Sai a sa wa ɓera maganin barci, a aske masa gadon baya, ko a yi amfani da irin ɓerayen da ake haifa babu gashi. A yi masa allura a ƙarƙashin fata da ƙwaya wajen miliyan 10. Rukuni ɗaya a ba su mai dafi, ɗayan a ba su wadda aka cire wa. Kullum sai mai bincike ya zo da ɗan ma'aunin ƙarfe mai baki biyu, ya auna tsawo da faɗin kumburin, ya duba ko saman ya yi baƙi ya rufta, ya auna nauyin ɓeran, har tsawon mako biyu. A ƙarshe a yanki wurin a ƙirga ƙwayoyin da suka rage, a duba naman a madubin likita. Duk bambancin da aka gani tsakanin rukunin biyu, na wannan dafin da aka cire ne.

Abin da ya zaburar da wannan bincike shi ne abin da ya faru a Amurka. Da can MRSA cutar asibiti ce, tana kama tsofaffi da waɗanda aka yi wa tiyata. Sai ga shi a 1999 an ba da rahoton mutuwar yara huɗu a jihohin Minesota da Dakota ta Arewa, yaran da ba zaman asibiti suke yi ba. Bayan haka wani nau'i da aka sa wa suna USA300 ya bazu a gidajen yari, da barikin soja, da tsakanin 'yan wasa masu gogayyar jiki. Wani bincike da aka yi a sashen gaggawa na asibitoci a birane 11 a 2004 ya nuna kashi 59 cikin 100 na masu ciwon fata mai mugunya MRSA ce ke damunsu. Da yawa cikin waɗanda wannan nau'in ke kamawa matasa ne majiya ƙarfi. Dole a tambaya: me wannan nau'in yake da shi da na asibiti ba su da shi?

Dafin da hujjarsa ta fi ƙarfi shi ne wanda ake kira alfa. Guda bakwai ne ke haɗuwa su yi zobe a jikin tantanin ƙwayar halitta, su huda ta kamar bututu. A 2010 aka gano cewa ba ko'ina yake sauka ba, akwai wani furotin mai suna ADAM10 da yake kamawa. Shi wannan furotin almakashi ne na jiki, kuma idan dafin ya hau kansa sai ya shiga yanke ɗinkin da ke riƙe ƙwayoyin fata da juna. Fata ta ɓare ke nan. A gwajin ɓeraye, USA300 da aka cire wa dafin alfa takan yi ɗan kumburi, amma saman ba ya mutuwa ya zama gyambo. Ɓerayen da aka yi wa rigakafin dafin su ma ciwonsu ya zo da sauƙi. Haka kuma da aka samar da ɓerayen da babu ADAM10 a fatarsu, ƙwaya mai cikakken dafi ta kasa yi musu irin wannan rauni. Hanya uku mabambanta, amsa ɗaya. A zomo ma an ga haka. A ganina wannan ita ce irin hujjar da ta cancanci a dogara da ita.

Na biyu su ne wasu ƙananan dafi da ake kira PSM, waɗanda ɗakin binciken Michael Otto a cibiyar binciken lafiya ta Amurka ya bayyana rawarsu a 2007. Su ba sa neman ƙofa ta musamman, aikinsu kamar na sabulu ne a kan maiƙo, suna narkar da tantani. Suna kiran nutirofil su zo, sa'annan su fasa su, har ma daga ciki bayan an haɗiye ƙwayar. An tarar nau'ukan da ke yawo cikin gari suna fitar da su da yawa fiye da na asibiti, kuma cire su ya rage girman maruru a ɓera da zomo.

Dukkan waɗannan suna ƙarƙashin maɓalli ɗaya mai suna agr. Kowace ƙwaya tana sakin wata 'yar alama, idan alamar ta taru da yawa sai su gane sun yi yawa, su buɗe dafi gaba ɗaya. An nuna a 2005 cewa idan aka toshe wannan alamar na ɗan lokaci a farkon shigar ƙwaya jikin ɓera, marurun ba ya haɗuwa. USA300 maɓallinta a buɗe yake sosai, kuma kunshin gadon bijirewarta ƙarami ne, bai yi mata nauyi ba. Shi ya sa ta haɗa ƙarfi biyu.

Yanzu ga wanda ya fi jawo ce-ce-ku-ce, kuma shi ne amsar tambayarki ta biyu. Sunansa PVL, daga sunayen Panton da Valentine, likitoci biyu a Landan da suka bayyana shi a 1932. Kashi biyu ne, sai sun haɗu suke huda nutirofil. Ba kowace staf ke da shi ba, wata ƙwayar bairos mai shiga jikin bakteriya ce ke kai mata gadonsa. A 1999 masu bincike a birnin Liyon na Faransa suka nuna cewa yawancin staf da ake samu a maruru mai zurfi da wani mugun ciwon huhu mai ruɓar da nama suna ɗauke da shi. Da USA300 ta bayyana aka tarar ita ma tana da shi, kusan kowa ya ce an kama ɓarawo.

Sai aka kai shi gaban ɓera. A 2006 aka gwada tagwayen nan, mai PVL da marar shi, aka ga maruru iri ɗaya, mutuwa iri ɗaya. A 2007 wata tawaga ta ce ta ga yana ruɓar da huhun ɓera, a cikin shekarar kuma wata tawagar ta ce a'a, dafin alfa ne ke yin wannan aiki. Masana suka rabu gida biyu, aka yi shekaru ana mayar wa juna martani a mujallu. Likitocin da ke ganin marasa lafiya suna cewa muna ganin ɓarnarsa, masu ɓeraye suna cewa ba mu gani ba.

Warwarar ta fara zuwa a 2010, lokacin da wasu masu bincike a Jamus suka yi abu mai sauƙi: suka ɗebo nutirofil na mutum, na zomo, na ɓera da na wani nau'in biri, suka zuba wa kowanne dafin. Na mutum da na zomo suka mutu nan da nan. Na ɓera da na birin suka tsaya daram. A 2013 wata tawaga a Holan ta gano dalili. PVL yana shiga ne ta wata ƙofa a jikin nutirofil mai suna C5aR, kuma ƙirar wannan ƙofa a ɓera ta bambanta da ta mutum, mabuɗin ba ya shiga. Wato shekaru ana tambayar ɓera labarin abin da bai taɓa taɓa shi ba. Daga baya, a 2015, aka yi gwaji da ɓerayen da aka dasa wa ƙwayoyin jinin ɗan Adam, sai ga PVL yana ƙara girman raunin fata.

Kada ki ɗauka zomo ya rufe maganar. A huhun zomo ɓarnar PVL a fili take. A fata kuwa gwaji biyu da aka buga a 2011 sun saɓa: ɗaya ya ga yana ƙara girman ciwo a kwanakin farko, ɗayan bai ga ya ƙara komai ba, alhali a wannan gwajin dafin alfa da PSM da agr duk sun nuna tasirinsu. Abin da ya tabbata a jikin mutane shi ne staf mai PVL tana da alaƙa mai ƙarfi da maruru mai zurfi, mai dawowa, mai bukatar tsagawa.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Wani bincike da aka buga a 2011 ya tattara staf daga asibitocin birane biyar na Afirka, wato Yamai, Dakar, Yawunde, Kasabalanka da Antananaribo. Ya tarar kashi 57 cikin 100 na waɗanda ke jin metisilin suna ɗauke da PVL, kuma abin ya fi yawa a yammaci da tsakiyar nahiyar. A Turai adadin ƙanƙane ne ƙwarai. Ki lura da kyau, waɗannan masu jin magani ne. Ke nan a yankinmu dafin ya riga ya wadata tun kafin bijirewa ta zo, kuma duk kafson da aka sha ba bisa ƙa'ida ba yana share fage ne ga haɗuwarsu. Wannan ne abin da ya fi tayar mini da hankali a duk maganar.

To a ina dafi ke taimaka wa ƙwaya ta tsere wa magani, tunda na ce ba shi ke kawo bijirewa ba? Wuri na farko shi ne cikin marurun kansa. Staf tana daskarar da ruwan jini ta kewaye kanta da shi, dafinta kuma ya kashe dakarun da suka matso, sai a sami kogon mugunya wanda jini ba ya ratsa tsakiyarsa. Magani ta jini yake tafiya. Wanda ya samu ya shiga ma yakan tarar da wuri mai tsami, da ƙwayoyin da suka daina hayayyafa, alhali yawancin magunguna mai hayayyafa suka fi kamawa. Shi ya sa ko ƙwayar mai jin magani ce, maruru da ya nuna sai an tsaga.

Wuri na biyu shi ne wanda nake so ki riƙe. An nuna a ɗakin gwaji cewa idan MRSA ta haɗu da maganin dangin fenisilin wanda bai isa ya kashe ta ba, takan ƙara yawan dafin alfa da PVL da take fitarwa. Magungunan da ke tsayar da ƙera furotin, irin su kilindamaisin da linezolid, su kuma rage shi suke yi. Saboda haka zagaye ukun Ampiclox da yaron ya sha, ban da ɓata lokaci da kuɗi, akwai yiwuwar tsokanar ƙwayar ya yi. Akwai ma wasu nau'ukan MRSA na asibiti da aka gano a 2009 cewa gadon wani dafin PSM yana zaune a cikin kunshin da ke ɗauke da mecA, suna tafiya tare.

Game da ko ɓera hujja ne a kan mutum: hujja ce a kan yadda abu ke aiki, ba hujja ba ce cewa magani zai yi. Fatar ɓera siririya ce, gashi ya rufe ta, kuma raunin da ke jikinta tsukewa yake yi ya rufe. Ana kuma danna masa miliyoyin ƙwaya lokaci guda ta allura, alhali a mutum abin yakan fara ne daga 'yan kaɗan a ramin gashi. Tun 1957 wani gwaji da aka yi a Landan a jikin masu sa kai ya nuna sai an zuba miliyoyin staf a fatar mutum kafin mugunya ta taru, amma idan akwai zaren ɗinki a wurin, ɗari ko makamancin haka sun isa. Ga kuma babban bambanci: ɓeran ɗakin gwaji galibi bai taɓa haɗuwa da staf irin ta mutane ba, mu kuwa tun muna jarirai muke tare da ita, garkuwar jikinmu ta riga ta saba da ita ta wata fuska. Alluran rigakafin staf da suka kare dabbobi sun faɗi a gwajin mutane ɗaya bayan ɗaya, na kamfanin Merck an dakatar da shi a 2011, na Pfizer a 2018. Wani maganin da aka ƙera domin ya kama dafin alfa, da aka gwada shi a kan marasa lafiyar da ke kan na'urar numfashi, sakamakon da aka buga a 2021 ya nuna kashi 18 cikin 100 sun kamu da ciwon huhu, a kan kashi 26 na waɗanda ba a ba su ba, bambancin da bai kai a kafa hujja da shi ba. Har yau babu allurar rigakafin staf da aka amince da ita.

Mu dawo kan ƙanenki. A mayar da shi asibiti tare da takardar gwajin, domin a ƙasanta akwai jerin magungunan da ƙwayar ke ji da waɗanda ba ta ji. Duk marurun da ya tara ruwa a tsaga shi a asibiti da kayan aiki masu tsabta, ba a gida da reza ba. Gwaji biyu manya da aka buga a Amurka a 2016 da 2017 sun nuna ƙara magani bayan tsagawa yana taimakawa. A na 2017, waɗanda aka tsaga wa kawai kashi 69 cikin 100 suka warke, waɗanda aka ƙara wa kilindamaisin ko Septrin kuwa sun haura kashi 80. Sai dai staf ɗin yankinmu da yawa ba sa jin Septrin, don haka takardar gwaji ce za ta yi zaɓi, ba mai kemis ba.

Tunda yana dawowa, akwai inda ƙwayar ke ɓuya, galibi hanci, hammata ko matsematsi, nasa ko na wani a gidan. Likita zai iya rubuta man mufirosin a shafa cikin hanci na kwana biyar, tare da wanka da ruwan kuloheksidin, kuma ya fi amfani idan duk masu fama a gidan sun yi tare. Kowa ya riƙe tawul ɗinsa da sosonsa, a daina karɓa-karɓar aska da sabulu, a wanke zanin gado a shanya a rana, a yanke farce, a rufe ciwon da bandeji. A auna masa suga. Likita ya kuma duba hammatar da kyau, domin akwai wata cutar fata da ke farawa lokacin balaga a hammata da matsematsi, tana kama da maruru amma maganinta daban. Kada kuma kowa ya ruɗe ku da masu tallan maganin gargajiya a lasifika da ke cewa staf cutar sanyi ce da ke zaune a jini shekara da shekaru, ba haka take ba.

Idan kuwa zazzaɓi ya rufe shi, ko jan ya fara yaɗuwa da sauri, ko zafin ya fi ƙarfin girman ciwon, ko ya kasa taka ƙafa, ko maruru ya fito tsakanin hanci da leɓen sama, ko ya fara tari da haki bayan mura, musamman idan akwai jini a majinar, kada a jira gari ya waye. A kai shi sashen gaggawa, a kuma gaya wa likitan da ke bakin aiki cewa an taɓa samun MRSA a jikinsa.